Noman Doguwar Lili Mai Aure: Abin da Ya Kamata Manomi Ya Sani Kafin Ya Sayi Iri

Gabatarwa

Noman furanni ya daɗe da samun gindin zama a Jos da kewayenta, inda masu lambu kan aika da amfaninsu zuwa Abuja da Legas domin otal-otal da wuraren biki da shagunan kayan ƙawa. Daga cikin furannin da ke jan hankalin masu lambu akwai doguwar lili mai aure, wadda 'yan kasuwa kan nuna hotonta a intanet tana tsaye ta fi mutum tsawo, ɗauke da furanni masu faɗin faranti. Daga ƙasashen waje ake shigo da irinta, da kuɗin waje kuma ake biya, don haka kuskure ɗaya na iya cinye jarin manomi baki ɗaya. Manufar wannan bayani ita ce a nuna wa malaman gona da manoma cewa tsawo da kyawun wannan shuka sun dogara ne a kan sanyi kafin taki da ruwa, sannan a bayyana yadda za a kula da ita a inda yanayi ya yarda.

Yadda ake gane lili ta gaskiya

Tsirrai da dama na amsa sunan lili a bakin masu sayar da fure, alhali ba danginta ba ne. Akwai bado da ke fitowa a tafki, akwai gadali, akwai kuma amarilis mai jan fure da ke buɗewa da rani a gidaje da yawa. Lili ta gaskiya ita ce wadda masana ke kira Lilium. Tana da nau'i kimanin 100 a daji, a ƙasar Sin da Japan da sauran sassan Asiya, da Turai, da Amurka ta Arewa. Babu ko ɗaya da asalinsa yake ƙasashe masu zafi na Afirka.

Hanya mafi sauƙi ta gane ta ita ce duba albasarta, wato kan da ake binnewa a ƙasa. Albasar gadali da ta amarilis dunƙulallu ne, da busasshen ɓawo a bayansu kamar albasar miya. Ta lili kuwa ba ta da wannan ɓawo. Sala-sala take, masu kauri da ruwa, sun hau kan juna sako-sako, a ƙasansu akwai gindi mai saiwoyi. Wannan ya sa take saurin bushewa da saurin jin rauni, kuma ba a shanya ta a rana ko a rataye ta a rumbu yadda ake yi wa albasa.

Asalin dogayen iri

A shekarar 1903 wani Baturen Ingila mai tattara tsirrai, Ernest Wilson, ya ga wata farar lili mai siffar kakaki a kwarin kogin Min da ke lardin Sichuan na ƙasar Sin. Ya koma a 1910 ya kwaso albasarta da yawa. Ita ce Lilium regale, ɗaya daga cikin iyayen rukunin da ake kira mai kakaki, wanda aka san shi da tsawo da ƙarfin kara. A gefe guda akwai rukunin Oriyantal, wanda ya samo asali daga lili ta Japan, mai manyan furanni da ƙamshi, amma mai tsananin son sanyi da ƙasa mai ɗan tsami.

A ƙarshen shekarun 1950 wani Ba'amurke mai suna Leslie Woodriff ya aurar da Lilium henryi ta Sin da Lilium speciosum ta Japan, aka sami irin da ake kira Black Beauty. Wannan ne ya buɗe ƙofar auren rukunonin biyu. Da yake danginsu na da nisa, ƙwayar da auren ya haifar kan mutu kafin ta nuna, sai da masana suka koyi ciro ta tun tana ƙarama su rene ta cikin kwalba a ɗakin bincike. Ta haka aka sami rukunin da ake rubuta wa OT a jikin kwali, wanda ya haɗa da Conca d'Or da Yelloween masu ruwan ɗorawa, da Robina mai ruwan hoda, da Scheherazade mai ja. Ya gaji ƙarfin mai kakaki da girman furen Oriyantal, kuma ya fi Oriyantal jure zafi. Kada suna ya ruɗi manomi: akwai iri mai kakaki da ake kira African Queen, amma a Amurka aka samar da shi, ba shi da wata alaƙa da yanayin Afirka.

Muhimmancin sanyi

A ƙasashen da take yi, lili kan yi fure da bazara, karanta ya bushe da kaka, sannan albasar ta kwana cikin ƙasa mai tsananin sanyi na wata da watanni. Wannan sanyi ne ke tashe ta daga barci ya shirya ta ga sabon kara da sabon fure. Tana bukatar aƙalla mako 8 a sanyi na digiri 2 zuwa 5 a ma'aunin Salshiyas. Idan ba ta samu ba, ko dai ta ƙi tsira, ko ta fito tsumburarriya ba fure.

Tsawon da ake gani a hoto, mita 1.8 zuwa 2.4, na shukar da ta shekara uku ko fiye ne a wuri ɗaya, tana shan sanyin hunturu kowace shekara, albasarta na ƙara girma. A shekarar farko, ko a Turai, ba ta cika wuce mita 1 zuwa 1.2 ba. A Najeriya babu inda ƙasa ke yin irin wannan sanyi na tsawon makonni, ko a tsaunin Mambila mai tsayin kimanin mita 1,600, balle Jos mai kimanin mita 1,200. Saboda haka abu biyu ne a gaban manomi: ya sayi irin da aka riga aka ba shi sanyinsa ya nome shi sau ɗaya, ko ya tanadi firji mai wuta tsayayya da zai riƙa maye gurbin hunturun Turai kowace shekara.

Bayan shuka ma bukatar sanyi ba ta ƙare ba. A makonni ukun farko saiwoyi sun fi fita da kyau idan zafin ƙasa na wajen digiri 12 zuwa 13. Daga nan shukar ta fi son digiri 15 zuwa 25. Idan zafi ya zarce haka kullum, kara kan gajarce, ƙullin fure ya ragu ko ya zube.

Inda za ta yi

Tuddan Filato da Mambila da Obudu su ne wuraren da suka fi dacewa a ƙasar nan. A Kano ko Zariya ana iya gwada 'yan kaɗan cikin tukwane a tsakiyar hunturu, amma zafin Maris kan riske su, kuma ba za a sami tsawon da ake nema ba. A ƙasashen kudu masu zafi da laima dare da rana, ruɓewa ta fi fure saurin zuwa. Mai lambu a irin waɗannan wurare gara ya zuba kuɗinsa a amarilis ko gadali, waɗanda ba su bukatar firji. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sayen iri

Ƙasar Holan ce kan gaba wajen samar da albasar lili a duniya. Ana haƙe ta a can daga Oktoba zuwa Disamba, a ba ta sanyi, sannan a daskarar da ita a digiri 1 zuwa 2 ƙasa da sifiri domin a sayar duk shekara. Ana kuma noma ta a Chile da New Zealand, inda ake haƙa a tsakiyar shekara. Wanda zai shuka a Nuwamba ya tambayi dillali ko na wace ƙasa ne da lokacin da aka haƙe, domin a wannan wata irin Holan ya kusa shekara a ƙanƙara, na Chile da New Zealand kuwa bai daɗe ba.

Da santimita ake auna kewayen albasar. Ga rukunin OT, mai lamba 16/18 ko 18/20 ya fi ba da kara mai kauri da furanni masu yawa. A zaɓi mai nauyi, mai tauri, mai rayayyun saiwoyi. A guji mai laushi, ko mai funfuna, ko wadda gindinta ya yi baƙi, ko wadda tsironta ya yi tsawo ya lanƙwashe cikin kwali. Duk mai shigo da iri daga waje sai ya sami izinin hukumar NAQS mai kula da shige da ficen tsirrai da dabbobi, tare da takardar shaidar lafiyar iri daga ƙasar da ya fito. Irin da ya shigo ta bayan fage na iya zuwa da cutar da za ta zauna a ƙasar lambu.

Idan iri ya iso a daskare, a buɗe ledar a ajiye a inuwa mai sanyi ya narke a hankali, sannan a shuka cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya narke ba a mayar da shi ƙanƙara. Don haka a gama gyaran wuri kafin kaya su iso, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Zaɓen wuri da gyaran ƙasa

A zaɓi wurin da ke samun ranar safe da inuwar la'asar, wanda ruwa ba ya kwanciya. Ƙasa mai rairayi da ɗan laka, mai wadataccen ruɓaɓɓen ganye, ita ce ta fi. Laka mai riƙe ruwa irin ta tsakiyar fadama na ruɓar da albasar cikin 'yan kwanaki. Ma'aunin tsamin ƙasa ya kasance tsakanin 5.5 da 6.5, kuma yana da kyau malamin gona ya taimaka a auna kafin a zuba toka ko farar ƙasa.

A kafce ƙasa zurfin santimita 30 zuwa 40, a ɗaga kunya mai faɗin mita 1 da tsayin santimita 20 zuwa 25. A gauraya takin gargajiya wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu na ƙona saiwa, domin lili ba ta jure gishiri a ƙasa. A kewaye wurin da zana saboda iskar hunturu da awaki. Inda rana ke da ƙarfi a kafa rumfar raga mai rage kimanin rabin haske.

Lokaci da yadda ake shuka

A tuddan Filato, farkon Nuwamba zuwa Disamba ya fi dacewa, lokacin da ruwan sama ya ɗauke, dare ya yi sanyi. Rukunin OT kan ɗauki wata 3 zuwa 4 kafin fure, don haka shukar farkon Nuwamba na iya riskar kasuwar Fabrairu. Shukar tsakiyar damina kan haɗu da ruwan Yuli da Agusta mai kawo cutar ganye, sai dai in akwai rufin leda.

A shayar da kunya kwana biyu kafin shuka, a yi shukar da sassafe ko da yamma. Domin ƙawata lambu, a binne albasar zurfin santimita 15 zuwa 20, da tazarar santimita 25 zuwa 30. Domin yankan fure, ƙasar da ke saman albasar ta kai santimita 8 zuwa 10, da tazarar santimita 15 zuwa 20. Tsini ya dubi sama, a baza saiwoyin, kada a danna da ƙarfi. Dalilin zurfin shi ne lili na fitar da wasu saiwoyi a jikin kara, tsakanin albasa da saman ƙasa, kuma su ne ke ciyar da shukar har ta yi fure. Shuka sama-sama na hana su fita.

Nan take a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayin shinkafa kaurin santimita 5 domin ƙasa ta yi sanyi ta riƙe laima, a riƙa dubawa saboda gara. Wanda ke da ɗakin sanyi na iya fara tsirar da irin cikin akwatuna a digiri 10 zuwa 13 na mako 2 zuwa 3, har tsiro ya kai santimita 8 zuwa 10, sannan ya fitar. Manoman ƙasashe masu zafi na amfani da wannan dabara domin samun dogon kara.

Ban-ruwa da taki

Ƙasa ta kasance da laima kullum, ba tare da ta yi caɓi ba. A damƙi ƙasa a hannu: idan ta dunƙule ba ta ɗigar da ruwa ba, ta yi daidai. A ba da ruwa da safe, a gindi, domin ganye ya bushe kafin dare. Ruwan da ya kwana a randa ko ya fito daga rijiya ya fi wanda ya yini a tanki cikin rana.

Kada a zuba takin zamani a makonni ukun farko, domin shukar na cin abincin da ke cikin albasarta. Bayan haka a ba da taki mai naitirojin da kalsiyam, kimanin giram 10 a kowace murabba'in mita, a maimaita kaɗan-kaɗan har ƙullin fure ya fara nuna launi. A yi hattara da takin supa, domin yana ɗauke da sinadarin fuloraid mai ƙona bakin ganyen lili. Yawan naitirojin kuma na sa kara ya yi laushi ya kwanta.

Tokara

Kara mai tsawo da nauyin fure ba ya jure iska. A kafa sandar gora tun ranar shuka, nesa da albasar da kimanin santimita 10, domin wanda ya bari sai shuka ta girma kan soke albasar bai sani ba. A ɗaure da tsumma sako-sako a wuri biyu ko uku. A babbar kunya a ja ragar igiya a kwance, a riƙa ɗaga ta yayin da shukar ke tashi. Ciyawa kuwa da hannu ake cire ta, saboda fartanya na yanke saiwoyin kara.

Ƙwari da cututtuka

Darɓa ita ce babbar abokiyar gaba, domin tana ɗauko cutar bairas daga wata shuka zuwa wata. Ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka na kama kokwamba da barkono da tumatir, don haka a nisanta lili da fangalinsu. Alamarta ita ce ganye mai dabbare-dabbare ko murɗewa, da fure maras siffa. Ba ta da magani. A tumɓuke shukar da albasarta a ƙone. Ana rage darɓa da ruwan 'ya'yan darbejiya ko maganin feshi mai rajista, bisa ƙa'idar da ke jikin kwalba.

Cutar Botrytis kan fara da ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a ganye idan ya kwana a jiƙe, ta haura sama har ta ɓata fure. Maganinta tazara mai kyau, da ban-ruwa a gindi, da cire ganyen da ya kamu, da feshin rigakafi irin su mankozeb. Cutar Fusarium kuwa gindin albasa take ruɓarwa, ta fi tsanani a ƙasa mai zafi da ruwa. Kada a maimaita lili a kunyar da ta kamu. Ɓeraye da gafiya ma kan tone albasar su ci.

Akwai gargaɗi ga masu kyanwa a gida: kowane sashe na lili, har garin furenta da ruwan da aka tsoma ta, guba ne ga kyanwa, yana lalata mata ƙoda.

Yanka da kai wa kasuwa

A yanka da sassafe, lokacin da ƙullin farko ya kumbura ya nuna launi amma bai buɗe ba. Furen da ya buɗe kan karye a hanya, garinsa kuma ya ɓata sauran. A zage ganyen ƙasa na santimita 10, a tsoma cikin ruwa mai tsabta a wuri mai sanyi. Kada a haɗa lili mota ɗaya ko ɗaki ɗaya da ayaba ko mangwaro ko tumatir masu nuna, domin iskar da suke fitarwa na zubar da ƙullin fure. Idan fure ya buɗe a wurin mai saye, a tsinke kawunan da ke ɗauke da garin, domin yana rina tufafi. Kara mai kyau kan yi kwana 10 zuwa 14 a cikin ruwa.

Adana albasa domin shekara mai zuwa

Masu noman yanka a ƙasashen waje kan yanke kara tun daga ƙasa su zubar da albasar, su sayi sabuwa. Wanda ke son ya riƙe tasa kada ya yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na karan, domin ganyen da ya rage ne zai sake cika albasar. A tsinke furen da ya yi yaushi kafin ya ɗaura 'ya'ya, a ci gaba da ban-ruwa har kara ya yi rawaya da kansa. Sannan a haƙe a hankali, a wanke, a bari ta tsane a inuwa, a sa cikin leda mai huji tare da garin katako mai ɗan laima, a ajiye a firji a digiri 2 zuwa 5 na mako 8 zuwa 10. Kada a sa a sashen ƙanƙara, domin sanyinsa kan kai digiri 18 ƙasa da sifiri, yana kashe ta. Kada kuma a ajiye 'ya'yan itace a firjin. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, sai an haɗa da na'urar hasken rana ko janareta, kuma wannan kuɗi ne da ya kamata ya shiga lissafi tun farko. A sani kuma cewa a ƙasa mai ɗumi albasar kan ragu maimakon ta ƙaru, don haka furen shekara ta biyu kan kasa na farko.

Ana iya yawaita iri ta hanyar ɓalle 'yan sala daga lafiyayyar albasa, a sa su cikin garin katako mai laima a digiri 20 zuwa 23. Bayan mako 6 zuwa 10 ƙananan albasa kan fito a gindinsu, amma su ma sai sun sha sanyi, kuma sai bayan shekara 2 zuwa 3 suke fure. 'Ya'yan iri mai aure kuwa ba su maimaita uwarsu, da yawa ma ba su haihuwa.

Kammalawa

Shawara ga malamin gona ita ce, duk manomin da ya zo da maganar wannan fure a fara yi masa tambaya uku: ina lambunsa yake, wa zai saya kuma a wane wata, sannan ina zai sami sanyi. Idan amsoshin sun gamsar, ya fara da albasa 50 zuwa 100 na iri biyu ko uku, ya rubuta ranar shuka, da ranar yanka, da tsawon kara, da yawan fure a kowane kara, da abin da ya kashe har kuɗin mota da na wuta. Wannan rubutu na shekarar farko shi zai nuna masa ko ya faɗaɗa ko ya tsaya, kuma shi malamin gona zai riƙe ya shawarci na gaba.